Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Malamin da Ya Shiga Gidan Rediyo

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin watsa labarai da Hausa ta rediyo, yawancin mutane sukan fara lissafi ne daga ranar 13 ga Maris, 1957, lokacin da Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC, ko kuma daga 1962, lokacin da aka kafa Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna. Amma abin ya girmi haka. Tun shekara goma sha shida kafin Sashen Hausa na BBC, akwai 'yan Arewa biyu da ke karanta labarai da Hausa a birnin Akara: Malam Bello Dandago na Kano da Malam Isa Kaita na Katsina. Wannan maƙala ta shafi na biyun ne, wanda sunan da ya yi a siyasa ya rufe wannan aiki nasa na farko.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Isa Kaita a Katsina cikin shekarar 1912, a gidan sarauta da ilmi, domin mahaifinsa shi ne Waziri Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, makarantar da ta yaye Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Da ya gama, sai ya kama aikin koyarwa a Midil ta Katsina, yana nan har 1941.

Dalilin Zuwansa Akara

Gidan rediyon da ya je, wato ZOY, Gwamna Arnold Hodson ne ya buɗe shi a 1935 a Akara ta ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙara masa daraja. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa, sai ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka ta Yamma suka koma ƙarƙashin gwamnatin da ke biyayya ga Hitila, har zuwa ƙarshen 1942. Wannan kuwa ba ƙaramin abin damuwa ba ne ga Turawan Ingila. A Lardin Sakkwato kaɗai, ƙasar Argungu ta yi iyaka da Nijar ta wajen Kamba da Kangiwa, ƙasar Gwandu kuma ta yi iyaka da Dahomi ta wajen Illo. Mutanen tsallake da na nan dangin juna ne, kasuwanninsu ɗaya, saboda haka duk jita-jitar da ta tashi can sai ta iso Birnin Kabi da Argungu a bakin fatake.

Hausa kuwa ita ce harshen da ya fi dacewa a yaƙi wannan jita-jita da shi. Da ita ake magana a barikokin sojan Afirka ta Yamma, waɗanda runduna biyu daga cikinsu, ta 81 da ta 82, suka tafi yaƙin Bama. Da ita kuma ake ciniki a zangunan Gwalkwas, inda zuriyar fataken goro na hanyar Gwanja suka daɗe da zama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana iya ƙoƙarinta, amma sai wanda ya iya boko ke karanta ta. Murya kuwa ba ta bukatar allo.

Aikinsa a Gidan Rediyo

Daga 1941 zuwa 1944 Malam Isa ya yi wannan aiki. Ba shi da wanda zai yi koyi da shi, domin babu wata tsayayyar hanya ta karanta labarai da Hausa a lokacin. Labari yakan zo da Turanci, cike da sunayen garuruwa da makaman da Bahaushe bai taɓa gani ba, dole mai karantawa ya juya shi ta yadda soja ɗan Argungu da ɗan kasuwa Bakano za su fahimta da ji ɗaya, tun da mai sauraro ba shi da damar ya ce a maimaita. A nan ne ake ganin amfanin ɗaukar malamin makaranta, wanda ya saba sauƙaƙa abu mai wuya.

Rayuwarsa Bayan Rediyo

A 1944, shekarar da Sarki Usman Nagogo ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko, ya koma gida ya kama aiki da Sarki da En'e ta Katsina. A 1948 ya tafi garin Exeter a Ingila ya karanta sha'anin mulki. Ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1951 ƙarƙashin jam'iyyar NPC, ya zama Ministan Ayyuka a 1954, daga baya kuma Ministan Ilmi har zuwa juyin mulkin Janairu 1966. A zamaninsa ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ya gaji sarautar mahaifinsa ta Waziri, ya kuma shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ya rasu a watan Nuwamba na 1994.

Kammalawa

Duk wani mai karanta labarai da ya zo baya, a Kaduna ko a Rediyon Rima ta Sakkwato ko a Birnin Kabi, turbar da su Malam Isa suka share ya bi. Ya kamata ɗaliban Hausa masu nazarin fassara da daidaitacciyar Hausa su riƙa soma bincikensu daga 1941, su kuma nemi abin da ya rage na takardun wannan zamani tun kafin gara ta gama da su. Allah ya jiƙan Waziri Isa Kaita, ya yi masa rahama, amin.