Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar da Ya Je Neman Ilimi Ingila

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi, kuma da sunan garin ne ya shahara. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba ɗan sarauta ba ne, ma'aikaci ne a ƙarƙashin hakimi. Abubakar ya fara da karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa, sannan aka sa shi makarantar boko. A shekarar 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar makarantun boko a Arewa, ya kammala a 1933. Daga nan ya koma Bauchi ya kama koyarwa a Makarantar Midil, har ya kai matsayin hedimasta.

Shaihu Umar

A shekarar da ya fara aiki ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littafin Abubakar mai suna Shaihu Umar yana cikin biyar ɗin da aka zaɓa aka buga, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Labarin ya ƙunshi yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa, aka ƙetara hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, inda ya yi karatu har ya zama babban malami, daga baya ya komo ƙasarsa yana karantarwa. Wato tun yana saurayi, batun samo ilimi a baƙuwar ƙasa da dawowa da shi gida yana cikin tunaninsa.

Tafiyarsa Ingila

A wancan zamani matasan Kudancin Nijeriya sun daɗe suna zuwa Ingila da Amurka karatun lauya da likita da sauransu, amma a Arewa da wuya a sami wanda ya wuce Kwalejin Katsina. Wannan giɓi ya zama abin damuwa yayin da maganar mulkin kai ta fara tasowa. Saboda haka a shekarar 1945 aka tura wasu zaɓaɓɓun malaman Arewa zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, kuma Abubakar yana cikinsu. Ya isa ne a shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, wadda kuma a cikinta mutanen Ingila suka kayar da gwamnatin Winston Churchill da ƙuri'a.

Shekara guda ya yi yana nazarin dabarun koyarwa, ya sami takardar shaidar malanta. Sai dai abin da ya koya a wajen aji bai gaza na cikin aji ba. Ya ga Turawa a gidansu, masu arziki da matalauta, saɓanin jami'an mulki kaɗai da ya saba gani. Ya kuma ga yadda talaka ke faɗin ra'ayinsa ba tsoro, da yadda doka ke hawa kan kowa. Duk da haka bai saki addininsa da sutura da ɗabi'un gidansu ba.

Amfanin Tafiyar

Da ya komo a 1946 aka ba shi aikin kula da makarantun En'e ta Bauchi, kuma a shekarar ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, sannan ta ƙasa a Legas a 1947. A shekarar 1950 ya gabatar da ƙudurin da ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a ba talakawa damar sa baki a harkokinsu. Wasu sarakuna ba su ji daɗin wannan ba, amma ƙudurin ya buɗe ƙofar gyare-gyare. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri. A 1955 ya ziyarci Amurka don nazarin sufuri a kogin Misisifi, inda ganin yadda al'ummomi mabambanta suka zama ƙasa ɗaya ya ƙarfafa masa gwiwa game da haɗin kan Nijeriya. Ya zama Firayim Minista a 1957, kuma shi ne ya karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960.

A zamanin gwamnatinsa, a 1959, aka kafa kwamitin Ashby don duba buƙatun ƙasa na ilimi mai zurfi. Bayan rahotonsa na 1960 aka sami sababbin jami'o'i, cikinsu har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, aka kuma fara buɗe manyan kwalejojin horar da malamai, waɗanda su ne tushen kwalejojin ilimi. Ta haka irin horon da ya ƙetara teku kafin ya samu ya zama ana iya samunsa a gida.

Rasuwarsa

Sojojin da suka yi juyin mulki ranar 15 ga Janairu, 1966 sun ɗauke shi daga gidansa a Legas. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya, aka kai ta Bauchi aka binne. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Jami'ar tarayya da ke Bauchi tana ɗauke da sunansa, hotonsa kuma yana jikin takardar naira biyar.

Kammalawa

Rayuwar Abubakar ta nuna cewa ba daɗewa a ƙasar waje ke sa karatu ya yi albarka ba, domin shekara ɗaya tak ya yi a Landan. Abin da ya sa tafiyar ta yi amfani shi ne ya tafi da tushe mai ƙarfi na harshensa da al'adarsa, ya lura da kyau, sannan ya dawo ya yi aiki da abin da ya gani a inda ake buƙatarsa.