Labarin Glover, Baturen da Ya Auna Kwara da Kamfas

A unguwar Hausawa ta Anacha aka haife ni, ba nisa da bakin Kwara. Sa'ad da na ke yaro ina zuwa makarantar Mishan, muna da wani maƙwabci, tsohon soja, mu kan ce masa Baba Saje. Bai fito aikin soja da wata dukiya ba, sai wani ɗan kamfas cikin jakar fata, wanda ya ke tattalinsa kamar ƙwai. A hannunsa na fara ganin allurar nan da ko yaya aka juya ta sai ta koma ta nuna arewa. Bana da aka ba ni darasin taswira in koyar wa 'yan aji biyar, sai na shiga bincike in san ko su wane ne suka auna kogin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu. Cikinsu na gamu da John Hawley Glover. Labarinsa na ke so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai, don ya shafe mu fiye da yadda na zata.

An haifi Glover a Ingila cikin shekarar 1829. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya shiga aikin sojan ruwa, watau cikin 1841. A jirgi ya koyi lissafi da auna taurari da zana taswira. Cikin 1853 ya yi yaƙi a ƙasar Bama, har aka yi masa rauni mai tsanani, amma Allah ya yi da sauran kwanansa.

Cikin 1857 Gwamnatin Ingila ta aiko Likita Baikie ya hau Kwara da wani jirgi mai suna Dayspring. Glover, yana Laftanan a lokacin, shi aka ɗora wa aikin auna kogin. Wasu Turawa sun riga shi gwadawa, amma ana bukatar taswira wadda ta fi tasu cika. A cikin jirgin nan kuma akwai Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor. Cikin watan Yuli suka iso Anacha, Obi Akazua ya karɓe su, aka bar Taylor ya kafa Mishan. Ashe jirgin da ya kawo tushen makarantun da irinmu muka yi karatu ciki, shi ne ya kawo mai kamfas.

To, yaya a ke auna kogi a wancan zamani? Mai awo ya kan tsaya bisa jirgi da kamfas da agogo da littafi. An raba da'irar kamfas digiri 360: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. In kogi ya miƙe, sai ya duba digirin da ya nufa ya rubuta, ya kuma rubuta minti nawa jirgi ya yi kafin kogin ya karkata. Da ya ke ya san saurin jirgin, daga nan ya ke fid da nisa. Wani kuma yana gaban jirgi yana jefa igiya mai dalma, yana faɗin zurfin ruwa. Da dare a sauka gaɓa a auna tsayin tauraro, don a gyara kuskuren da ya taru da rana. Haka a ke yi lanƙwasa bayan lanƙwasa, har kogi ya kwanta a takarda.

Cikin watan Oktoba na shekarar nan jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse. Mutanen suka tsira, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka zauna wajen shekara guda kafin wani jirgi mai suna Sunbeam ya zo. Glover bai zauna jira ba. Ya ci gaba da awo har wajen Busa, ya kuma bi ta ƙasa tsakanin Rabba da Ikko, ba sau ɗaya ba. Nan fa aiki ya sake. A tudu babu saurin jirgi da za a yi lissafi da shi, sai ƙidayar taki da sa'o'in tafiya. Kamfas kuwa iyakarsa ya nuna maka arewa. Bai san inda mashigi ya ke ba, ko garin da a ke yaƙi, ko rijiyar da ta ƙafe. Wannan ilmi yana wurin fatake da 'yan alaro, waɗanda suka daɗe suna bin hanyoyin nan da ƙafa, da yawansu kuwa Hausawa ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Taswirar Kwara da Hukumar Sojan Ruwa ta Ingila ta buga, sunan Glover ke kanta, amma sawun mutanenmu na cikin aikin da ya haife ta.

A tafiye-tafiyen nan ya saba da Hausawa, musamman waɗanda ke cikin bauta a ƙasar Yarabawa, suka gudu suka fake wurinsa. Ingila ta karɓi Ikko cikin 1861, cikin 1863 kuma aka danƙa wa Glover riƙon garin. A shekarar nan ya haɗa wata 'yar runduna ta Hausawa, ya ba su bindiga ya koya musu fareti. Sojan Nijeriya daga nan su ke ƙidaya asalinsu, sun ce da mutum 18 aka fara. Wanda jiya bawa ne, yau ga shi da kaki da albashi. Amma sai mu tuna, rundunar ta Turawa ce, abin da Turawa ke so shi ta ke yi. Cikin 1865 Glover ya kai yaƙi Ikorodu, ya kori mayaƙan Egba da suka kewaye garin. Ya bar mulkin Ikko cikin 1872.

Da yaƙin Asante ya tashi cikin 1873, sai aka komo da shi, don an san Hausawa za su bi shi. Janar Wolseley ya nufi Kumasi daga bakin teku, shi kuwa Glover ya taso da Hausawansa daga wajen kogin Volta, ta gabas. Wannan tafiya ta kurmi ce, inda itatuwa ke rufe rana, mutum ba ya hangen tudu balle ya daidaita taswira da shi. A irin wurin nan sai allura da ƙidayar taki da ɗan jagora. Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, ya ƙone ta ya juya. Bayan 'yan kwanaki Glover ya iso ya tarad da toka. Jin cewa ga wata runduna kuma ta ɓullo yana cikin abin da ya sa Sarkin Asante, Kofi Karikari, ya nemi sulhu. Daga baya aka naɗa Glover Gwamnan Newfoundland, wadda yanzu ta ke cikin Kanada. Ya rasu a Landan cikin 1885. Aka gina wani babban ɗakin taro a Ikko aka sa masa sunansa.

Yanzu me za mu ce game da mutumin nan? Jarumi ne, mai haƙurin aiki, ya kuma ba bayi mafaka. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Jirgin yaƙi ba ya hawan kogin da ba a san zurfinsa ba. Cikin 1879, shekara 22 bayan zuwan Dayspring, wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Pioneer ya tsaya gaban Anacha ya yi mata ruwan wuta, aka ƙone garin. Glover ba ya nan, amma awon kogi shi ya sauƙaƙa irin wannan zuwa. Haka kuma masu awo suka riga jirgin ƙasa: an ga kwal a Inugu cikin 1909, aka kafa Fatakwal don fid da shi, dogo ya haɗa su cikin 1916. Hausawa 'yan kasuwa da masu shanu suka bi, unguwanninmu na can suka yi ta girma. Wanda ya auna ƙasa, shi ke shirya inda kowa zai bi.

Saboda haka na ke roƙonku kada mu mai da darasin taswira abin cika lokaci. Ni kaina na sha kunya a kansa. Ran da aka fita da mu daji gwaji, na aza kamfas kusa da addata na ɗauki digiri, ban tuna Baba Saje ya sha gaya mini ƙarfe na jan allura ba. Na ja mutum shida muka yi ta bulayi, sai wata tsohuwa mai itace ta nuna mana hanya.

Ga abin da na shirya wa yarana. Su shimfiɗa taswira, su juya ta har arewarta ta dace da allura, nesa da ƙarfe. Su duba ma'auni: in an rubuta 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ke nan a ƙasa. Kowa ya ƙidaya takinsa cikin mita 100 ya riƙe. In sun tafi bisa digiri 60, komowa sai su ƙara 180, watau 240. In digirin ya wuce 180 sai su rage. Sa'an nan su zana unguwarsu da hannunsu, da masallaci da kasuwa da mashaya, su tambayi tsofaffi sunan kowane wuri, su rubuta sunan wanda ya gaya musu a gefen takardar.

Allah ya ba mu ikon koyarwa da gaskiya, amin.