Mamman Shata da gardamar da ta ƙi ƙarewa: Wace ce gwarzuwar waƙarsa?

Tun a 1999 Allah Ya karɓi ran Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina, amma gardamar da ya bari ba ta mutu ba. A majalisun dattawa na Kunci da Tsanyawa da Bichi, a tasoshin mota, har ma a ɗakunan hutun malaman jami'a, da zarar an ambaci sunansa sai wani ya jefo tambayar nan: a cikin waƙoƙinsa wace ce ta ɗaya? Nan take majalisa za ta rabu. Masu ilimin adabi su ce Bakandamiya. Masu sha'awar sarauta su ce ta Sarkin Daura. Mutanen yankin Bichi kuwa ba ka raba su da ta Garban Bichi, don gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. A ganina ba za a iya yanke wannan hukunci ba sai an waiwayi rayuwar mutumin, domin yadda ya rayu shi ne ya tsara yadda ya yi waƙa.

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Abin lura na farko shi ne bai gaji kiɗa ba. A ƙasar Hausa ta wancan zamani kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, mai ita kuma ba a ɗora shi a sahun gaba wajen daraja, saboda haka mahaifinsa bai yi na'am da wannan hanya ba. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsararrakinsa, ya yi tallan goro da alewa, kuma a dandali da kasuwa muryarsa ta fara jan mutane. Da farko waƙar ta nishaɗi ce kawai irin ta samari, ba don neman abin duniya ba. Daga baya ta rinjayi tallan.

Ya bar Musawa ya zauna a Bakori, daga can ya riƙa zagaya garuruwan Katsina da Zazzau da Kano da makaɗansa. A 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi gagarumin bikin 'ya'yan sarki a birnin Kano, kuma a wannan taro ne tauraronsa ya fito sarari. Daga bisani ya mayar da Funtuwa gida, inda ya yi shekaru masu yawa, yana kuma da zama a Kano.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi bambancin Shata da manyan da suka riga shi ko suka yi zamani da shi. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo ya taso a gidan kiɗa, ya yi wa fadar Maradun hidima kafin sunansa ya game Arewa. Mamman Sarkin Taushin Katsina, sunansa ma ya faɗi inda yake. Waɗannan makaɗan fada ne: suna da ubangida, suna zama da yaransu su tsara waƙa, su gyara, su maimaita, har ta nuna kafin a kai ta gaban sarki. Shata ba haka yake ba. Kalangu ya riƙe, wanda a al'adance kiɗan mahauta ne da 'yan mata da taron biki, ba kiɗan sarauta ba. Ba shi da ubangida guda da zai ce masa tsaya ko tafi. Tsarinsa mai sauƙi ne a ido: ya ba 'yan amshi gajeren amshi guda, su riƙe shi kamar turke, shi kuma ya yi ta zuba ɗiyan waƙa a kai gwargwadon abin da ya gani a wurin da abin da ya faɗo masa a rai. Sauƙin nan yaudara ne. Mutane da yawa sun gwada, ba a kuma samu na biyunsa ba.

Wannan 'yanci ne ya sa waƙoƙinsa suka ratsa kowane rukuni na al'umma. Ya yi wa sarakuna irin su Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi wa attajirai da ma'aikatan gwamnati, ya yi wa direbobi da masu sayar da abinci da 'yan bori. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja da kiran haɗin kan ƙasa. Ya yi wa kumbon Afolo 11, wanda ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969, waƙa, ta yadda manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya ji labarin cikin harshensa. Ya yi begen Manzon Allah (SAW), ya kuma yi waƙar mashaya wadda malamai ba su taɓa yafe masa ita ba. Masoyansa na yau sukan so a tsallake wannan ta ƙarshe, amma tarihi ba ya tafiya da tsallake. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun.

To, mu koma ga gardamar. Masu fifita Bakandamiya suna da hujja mai ƙarfi. A cikinta ne Shata ya juya kalangu ya fuskanci kansa: ya yi kirari, ya auna kansa da sauran mawaƙa, ya bayyana matsayinsa ba tare da kunya ba. Kuma duk lokacin da ya sake rera ta sai ya ƙara mata wani abu, har ta zama kamar kundin tarihin rayuwarsa. Sai dai ina da ja a kan ɗora ta a sama da kowace. Sunan kansa yana yi mata kamfe, domin a al'adar makaɗa Bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ya ɗauka a matsayin shahararriyarsa, kuma mai sauraro yakan sallama tun kafin ya ji. In kuwa aka ajiye ta kusa da Bakandamiyar Narambaɗa, ta fuskar zurfin Hausa da saƙar magana, ba kowane alƙali ne zai ba Shata gaskiya ba. Wato a fagen tsararriyar waƙa yana da abokan karawa. Inda ba shi da su shi ne wani fagen daban.

Waƙar Sarkin Daura Bashar tana da nata matsayi, kuma ba don daɗin kiɗa kaɗai ba. Akwai ƙauna ta gaskiya tsakanin mutanen biyu, ana kuma jin ta a muryar. Amma yabon sarakuna gona ce da makaɗan kotso da taushi suka daɗe suna nomewa, Shata baƙo ne mai hazaƙa a cikinta.

A nawa ra'ayin, gwanintar da ta keɓanta da Shata tana cikin waƙoƙin da ya yi wa mutanen da, in ba don shi ba, da tuni an manta da su. Ɗauki ta Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ko ta Sarkin Bori Sule, ko waɗanda ya yi wa direbobi. A irin waɗannan ne za ka ji shi yana ba da labari: ya ɗauko tafiya daga wani gari, ya lissafo zangon da aka yada, ya kawo wanda aka tarar da abin da aka ce, ya saka barkwanci, ya yi habaici ga marowaci, sannan ya dawo kan amshi daidai lokacin da ka zaci ya ɓata. Wanda bai taɓa taka Gwandu ba ya san sunan Ummaru. Sarki yana da fada da littattafan tarihi da za su riƙe sunansa. Direba ba shi da kowa sai Shata. Idan ma'aunin waƙa shi ne ta yi abin da babu mai iya yi sai mai ita, to a wannan rukuni ya kamata a nemi ta ɗaya.

Kada kuma a manta da zambo. Gagarabadau na cikin waƙoƙin da suka sa manya ke shakkar harshensa, kuma wani ɓangare na kyautar da ake yi masa, gaskiya, kuɗin kariya ne. Wannan ɗabi'a ta rashin tsoro ta bi shi har siyasa. Ya yi kansila a Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, kujerar da bai daɗe a kai ba saboda saɓani da manyan jam'iyyar. Mutumin da bai yarda da ubangida a waƙa ba, da wuya ya yarda da shi a siyasa.

Turawa ma suna irin wannan musu a kan waƙoƙinsu na da. A 2004 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta tara mawaƙa da masana suka zaɓi waƙoƙi 500 da suka fi fice, wata waƙar Bob Dylan ta zo ta ɗaya. Da aka sake zaɓen a 2021 sai ta Aretha Franklin ta hau sama, ta Dylan ta koma ta huɗu. Waƙoƙin ba su canza ba, masu zaɓen ne suka canza. Amma su suna da abin da mu ba mu da shi: kowace waƙa da suke musu a kanta tana nan a adane, da ranar da aka ɗauke ta da sunayen waɗanda suka yi kiɗan.

Mu kuwa muna gardama ne a kan abin da ya tsira. Shata da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba, domin da yawa a wurin biki aka yi su, aka tashi, suka bi iska. Abin da ya iso gare mu shi ne wanda ya shiga faifan garmaho, ko ɗakin ɗaukar murya na Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ko kaset ɗin wani mai sha'awa. Waƙoƙin ƙuruciyarsa na Musawa da Bakori, lokacin da babu na'ura a kusa, kaɗan ne suka tsallako. Hatta waɗanda muke ce wa shahararru, sau da yawa rediyo ce ta zaɓa mana su ta hanyar yawan maimaitawa a shirin zaɓen masu sauraro. Sannan waƙa guda tana iya samun siga uku ko huɗu, kowace da ɗiyanta. In mutum ya ce Bakandamiya ce ta ɗaya, sai a tambaye shi: wacce daga ciki?

Masana sun yi nasu ƙoƙari. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1988, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Aikin da ya rage shi ne na murya: tattaro tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset daga gidajen rediyo da akwatunan dattawa a garuruwa irin su Kunci, a mayar da su na zamani, a rubuta wa kowace waƙa wanda aka yi wa da wurin da aka yi ta. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, masu iya cewa wane ne wane a cikin waƙoƙin kuma suna ta raguwa.

Shata ya yi fama da jinya a ƙarshen rayuwarsa, har aka kai shi Jidda neman magani. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa. Ba a Musawa aka binne shi ba, ba kuma a Funtuwa ba. Daura aka kai shi, garin Sarki Muhammadu Bashar.