Musa ɗan Maimun: Malamin Yahudawa da Ya Rubuta wa Masu Ruɗewa

An haifi Musa ɗan Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, wajen shekara ta 1138 a birnin Kurɗuba na Andalus, kudancin Sifen ta yau. Mahaifinsa alƙali ne a cikin jama'ar Yahudawa. A wannan birni aka haifi Ibn Rushd, kuma a wannan zamani Alƙali Iyal ya rubuta Ashafa, littafin da maƙwabtanmu Musulmi ke karantawa da azumi har gobe. Musa ya tashi yana jin Larabci kamar kowane ɗan gari, ya koyi Attaura a wurin mahaifinsa, ya kuma karanta lissafi, ilimin taurari, likitanci da falsafar Aristotal.

Gudun hijira

A shekarar 1148 daular Muwahhidun ta ci Kurɗuba, ta janye kāriyar da Yahudawa da Kirista suke da ita a da. Zaɓi ya zama uku: mutum ya bar addininsa, ko ya bar gari, ko ya mutu. Iyalin Maimun suka yi ta yawo har suka zauna a Fas ta Maroko wajen 1160. Yahudawa da yawa sun furta da baki abin da ba su gaskata ba don su tsira da rai, wani malami kuma ya yanke musu hukunci cewa sun fita daga jama'a, addu'arsu ma banza ce. Musa ya mayar da martani da wasiƙa. Ya girmama waɗanda suka ba da ransu, amma ya ƙi yarda a kori wanda tsoro ya rinjaya. Shawararsa ita ce mutum ya ci gaba da kiyaye abin da zai iya, ya kuma ƙaura zuwa inda zai yi sujada a fili da zarar ya sami hanya.

Shi ma hakan ya yi. A 1165 suka haye teku zuwa Akka, suka ziyarci Urushalima da Hebron, daga bisani suka zauna a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. A 1168 ya gama sharhinsa na Mishna, wato tarin dokokin baka na Yahudawa. Ya rubuta shi da Larabci cikin haruffan Ibrananci, kamar yadda ake rubuta Hausa da ajami. A ciki ya jera ginshiƙai 13 na bangaskiyar Yahudawa, daga kasancewar Allah da kaɗaitakarsa har zuwa tashin matattu. A shekarar nan kuma mayaƙan 'Yan Salibiyya suka kwashe mutane a garin Bilbais, Musa ya rubuta wa jama'o'in Yahudawan Masar yana tara kuɗin fansarsu. Wanda ya san halin da ƙauyukan Goronyo, Rabah da Wurno suka shiga a hannun masu garkuwa da mutane ya san nauyin wannan aiki.

Rashin ƙane

Ƙanensa Dauda, ɗan kasuwar duwatsu masu daraja, shi ke ciyar da gida domin Musa ya sami sukunin karatu. Jirgin Dauda ya nutse a hanyar Indiya, ya tafi da dukiyar iyali da ta wasu, ya bar mata da ƙaramar 'ya. Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda, kuma bayan shekara takwas ya rubuta wa wani aboki cewa har lokacin bai sami ta'aziyya ba. Da yake yana ganin bai dace a ci abinci da koyar da Attaura ba, sai ya kama aikin likita, har ya kai ga duba waziri Alƙali Fadil da mutanen fadar Salahuddin. A wata wasiƙa ta 1199 ya bayyana yininsa: da sassafe ya hau dabba zuwa fada, da rana ya dawo da yunwa ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, ya yi ta duba su har dare, wani lokaci a kishingiɗe saboda gajiya.

Manyan littattafai biyu

Na farko shi ne Mishne Tora, juzu'i 14 da Ibrananci, aikin kusan shekara goma. Dokokin Yahudawa suna warwatse cikin Talmud kamar ruwan damina a fadamu. Yadda madatsar Goronyo ke tare ruwan kogin Rima wuri guda domin manomin rani ya samu, haka ya tattara su ya tsara su domin wanda ba malami ba. A ciki ya jera matakai 8 na sadaka. Mafi girma shi ne a ba mabukaci rance, ko jari, ko aikin yi, har ya tsaya da ƙafarsa.

Na biyu shi ne Dalalatul Ha'irin, wato Jagoran Masu Ruɗewa, wanda ya gama wajen 1190 domin almajirinsa Yusufu ɗan Yahuza. Ya rubuta shi ga mai bi da ya yi karatu mai zurfi, ya fara jin kamar dole ya zaɓi ɗaya tsakanin hankalinsa da bangaskiyarsa. Amsar Musa ita ce gaskiya ba ta faɗa da gaskiya, tun da Allah ne tushen duka. Inda Nassi ya ambaci hannun Allah ko fushinsa, yana magana ne da harshen da mutum zai gane, gama Allah ba shi da jiki. Ya koyar cewa mun fi iya faɗin abin da Allah ba shi ne ba, kuma muna saninsa ta wurin ayyukansa.

Game da wahala, ya kasa mugunta gida uku: wadda ke zuwa domin jikinmu mai lalacewa ne, wadda mutane ke yi wa juna, da wadda mutum ke jawo wa kansa ta kwaɗayi da rashin kamewa. Ya ce ta ukun ta fi yawa. A karatunsa na littafin Ayuba, Ayuba ya sami hutawa sa'ad da ya daina auna mulkin Allah da mudun mutum. Mai wannan koyarwa ya rasa ƙasarsa, ya rasa ƙanensa, ba daga kan tabarmar jin daɗi ya yi maganar ba.

Ya rufe littafin da tambayar abin da ya sa muke raye. Ya ce kammala iri huɗu ce: ta dukiya, ta lafiyar jiki, ta hali nagari, da ta sanin Allah, wadda ita kaɗai ba mai iya ƙwace wa mutum. Ya kafa hujja da Irmiya 9:23-24, ya nuna cewa wanda ya san Allah da gaske zai yi koyi da shi cikin jinƙai, shari'ar gaskiya da adalci.

Ya rasu a watan Disamba 1204 a Fusɗaɗ, ana kuma ziyartar kabarinsa a Tibariya, bakin Tekun Galili. Wasu malaman Yahudawa sun yi gāba da littafinsa har aka ƙone shi a Faransa wajen 1232, amma Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Kirista, ya karanta shi ya yi ta ambatonsa.

Abin da za mu ɗauka

Musa ɗan Maimun bai karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, bai kuma yarda da Triniti ba. A nan muka rabu da shi: Allahn da ya ce ya fi ƙarfin bayani, mu mun gaskata ya bayyana kansa cikin Ɗansa, kamar yadda Yohanna 1:18 ya koyar. Duk da haka rayuwarsa tana yi mana tambayoyi. Idan ɗanmu ya dawo daga jami'a da shakka a zuciyarsa, muna zama mu amsa masa, ko tsawa muke yi? Idan ɗan'uwa ya yi sanyi a lokacin tsanani, ƙofar ikilisiya a buɗe take gare shi, kamar yadda Ubangiji ya maido da Bitrus? Baikonmu ga gwauraye da 'yan gudun hijira yana ƙarewa a mudun hatsi, ko yana kaiwa ga jari da sana'a? Dattawa da shugabannin zumunta su zauna su duba waɗannan uku a taronsu na gaba.