Bob Wills: Ɗan Manomin Auduga da Ya Sauya Kiɗan Karkarar Amurka

An haifi Bob Wills a 1905 a jihar Texas, a gidan da suka gaji kiɗan goge. Ya tashi yana cirar auduga tare da baƙaƙen fata, salon waƙarsu kuma ya zauna masa a kunne. Da ya kafa ƙungiyar Texas Playboys, sai ya haɗa goge da kayan busa da ganguna. Waƙarsa San Antonio Rose ta karaɗe Amurka. A 1944, masu shirin rediyon Grand Ole Opry sun hana shi amfani da ganga, amma ya kafe sai da aka kaɗa ta. Cutar shanyewar jiki ta kwantar da shi a 1973, lokacin ɗaukar faifansa na ƙarshe. Ya rasu a 1975.