Yujin Hudiri da Yumɓun Tace Fetur

An haifi Hudiri a Faransa cikin 1892, ya ƙaura Amurka cikin 1930. Shi ya gano yumɓun da ke hanzarta fasa ɗanyen mai ya zama fetur. Amma cikin 'yan mintoci gawayi kan lulluɓe yumɓun, aiki ya yi sanyi, kamar yadda muke ganin toka ta rufe garwashi. Sai ya riƙa hura masa iska mai zafi, gawayi ya ƙone, yumɓu ya farfaɗo.

Na'urarsa ta tsabtace hayaƙin mota kuwa, dalmar da ake zuba wa fetur ta kashe ta, kisan da ba farfaɗowa. Ya mutu cikin 1962. Sai a 1975, da Amurka ta samu fetur marar dalma, irin na'urar ta yaɗu.