Alhaji Umaru Salaga (1858–1934): Malamin Baƙi da Matsayin Ɗan Zango a Ƙasar Gwanja

Ruwayar asalin Hausa da ake bayarwa a Daura labari ne na baƙo. Bayajidda ya iso garin da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka shaida masa cewa rijiyar Kusugu ba ta ɗibuwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikinta. Ya kashe macijin, ya auri sarauniya, zuriyarsa ta gaji mulki. Ko mene ne ra'ayin masana tarihi game da ingancin ruwayar, tana ɗauke da wata fahimta ta Bahaushe: baƙo kan sami gurbi gwargwadon amfanin da ya yi wa gari. Sai dai mafi yawan Hausawan da suka bar gida a ƙarni na 19 ba su auri sarauniya ba. Fatake ne da 'yan alaro da almajirai da bayi, waɗanda suka zauna a gefen garuruwan wasu, a unguwannin da ake kira zango, ba su da gonar gado, ba su da baki a fadar masu ƙasa. Da wuya a sami wanda ya rubuta halin wannan zama daga cikinsa kamar Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga.

An haife shi a Kano wajajen 1858. Mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro, don haka nasabar da yake rubuta wa kansa ta haɗa Kabi da Kano, daga baya kuma Salaga: asali ɗaya, mahaifa dabam, mazauni dabam. Ya yi karatun allo da na ilimi a Kano, ya ƙara a wajen malaman ƙasar Kabi da Gwandu, tun yana saurayi kuma yake bin ayarin mahaifinsa. A 1877, shekarunsa ba su wuce ashirin ba, ya haɗa littafinsa na Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, Al-Sarha al-wariƙa fi ilm al-wathiƙa, wanda daga baya aka buga a Alƙahira. Manazarta kan ambaci littafin su wuce, alhali ya cancanci a tsaya a kansa. A duniyar da ba fasfo ba biza, wasiƙar malami ce shaidar matafiyi: da ita ake gabatar da baƙo ga maigidan da zai sauke shi, da ita ake bin bashi a gari mai nisa, da ita ake sanar da magada rasuwar ɗan'uwansu a hanya.

Hanyar Gwanja, wadda Paul Lovejoy ya yi wa cikakken nazari a 1980, doguwa ce mai cin watanni. Ayari kan tashi daga Kano ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gabu, ya tsallake Kwara, ya ratsa Bargu ko Gurma, ya gangara ta ƙasar Dagwamba zuwa Salaga, inda Tonawa ke kawo goro daga kurmi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne jigogin wannan fatauci. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da sasantawa da sarakunan hanya a kan fito da sauran kuɗaɗen wucewa. A ƙarƙashin waɗannan masu suna akwai ɗimbin marasa suna: masu kora jakuna, masu ɗaukar kaya a ka, mata masu girki, da yawansu bayi. Ribar goro a kan wuyansu ta biyo. Salaga kuwa, wadda ta shahara da yawan rijiyoyi, ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce.

Tsarin zaman baƙi a can ya dogara ne ga yarjejeniya maras rubutu. Sarkin Kpembe da 'ya'yan sarautar Gwanja ke da ƙasa. Baƙi ke da kasuwa da masallaci. Maigida ya sauke falke, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Muddin masu ƙasa suna zaune lafiya kuma kasuwa tana ci, tsarin yana tafiya. Rauninsa shi ne cewa duk abin da zai rusa shi ba ya hannun baƙon. A 1874 Turawan Ingila suka ci Tonawa da yaƙi suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya fara sauya hanya. A 1892, daidai lokacin da Umaru ya tare a garin, rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen Kpembe. Kabachewura Isifa ya zo da taimakon Dagwamba da Nanumba, aka kori sarki mai ci, aka washe Salaga. Baƙin da ba su da ruwa da sarautar su suka yi asarar gidaje da dukiya, suka watse zuwa Kintampo da Yeji da Kete-Karaci da sauran wurare. Umaru ya dawo kan wannan rushewa a waƙoƙinsa na Larabci, kuma bai sassauta wa mutanen garin ba wajen ɗora musu wani kaso na laifin.

A Salaga ne ya haɗu da Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, ya kuma rubuta masa matanonin Hausa da ajami. Krause mutum ne da ya saɓa da gwamnatin ƙasarsa, har ya kai ƙara majalisar Jamus cewa jami'anta a Togo suna kau da kai daga cinikin bayi. Kwatanta mutanen biyu yana da amfani. Umaru ba ɗan gwagwarmayar soke bauta ba ne. Malami ne na zamaninsa, wanda ya tashi ya tarar da bauta a matsayin wani ɓangare na tsarin tattalin arziki, ya kuma bayyana ta a haka. Duk mai son mayar da shi ɗan rajin kare haƙƙin ɗan'adam irin na yau, dole ya fara tsallake wannan gaskiyar.

Wajajen 1896 ya zauna a Kete-Karaci, a bakin Kogin Volta. Sunan garin ma bayani ne: Karaci garin 'yan ƙasa ne masu tsafin Dente, Kete kuwa zangon baƙi Musulmi. Jamusawa sun kafa bariki a wurin a 1894, shekarar da suka kashe babban bokan Dente wanda ke riƙe da ragamar kasuwancin yankin. Ke nan baƙi sun sami sabon majiɓinci, amma shi ma ba su suka zaɓe shi ba. Da jayayya ta taso kan limancin Kete, jami'an Jamus ne suka raba gardama, Umaru ya zama limami. Iyakar da ta sanya shi ƙarƙashin Jamus, ta bar Salaga ƙarƙashin Ingila, a Turai aka shata ta, a yarjejeniyar 1899. A watan Agustan 1914 kuma Ingila da Faransa suka ƙwace Togo, Kete-Karaci ta koma hannun Ingila. Mutumin da aka haifa talakan Sarkin Kano ya zauna ƙarƙashin sarakunan Gwanja, sannan Jamus, sannan Ingila, kuma a sauyin ƙarshe gidansa bai gusa ko taku ɗaya ba. Iyaka ce ta tsallaka shi.

Dangantakarsa da Turawa ita ce wurin da ra'ayoyin masana suka fi rarrabuwa. A 1899 ya tsara Mashra' ma' al-khabar, a 1903 kuma Waƙar Nasara da Hausa, inda ya bi garuruwan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan lokaci yana koyar da Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus a Kete-Karaci, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Saurin kiran wannan fuska biyu rashin adalci ne. Limamin zango ba shi da dakaru, ba shi da ƙasar da zai ce ta kakanninsa ce. Abin da yake da shi shi ne ilimin da mai mulki ke buƙata, da shi kuma yake saya wa jama'arsa sarari. Ba a kuma rasa riba ba. Dogayen bayanan da ya rubuta wa Mischlich kan noma da sana'o'i da fatauci da aure da bauta a ƙasar Hausa, waɗanda Douglas Ferguson ya fassara a kundin digirinsa na uku a 1973, suna cikin mafi daraja da ake da su daga alƙalamin Bahaushe game da rayuwar masu aikin hannu kafin zuwan Turawa. Tarihin da malaman fada suka rubuta na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Umaru, yana zaune nesa da gida, ya tuna da marina da majema da masaƙa.

Wannan kulawa ce ta fito fili a Waƙar Talauci da Wadata, wadda Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso ya buga tare da fassara a 1974. Waƙar tana jera yadda jama'a ke bambanta mai shi da maras shi a zance da mazauni da mutunci, ta yadda hali ɗaya kan zama abin yabo ga mawadaci, abin zargi ga matalauci. Ba ta kira ga tawaye, ba ta kuma kawo wani shiri na sauya tsarin. Muhimmancinta yana wani wuri dabam: ta ɗauki talauci a matsayin al'amarin zamantakewa da mutane ke aikata wa junansu, ba ƙaddara kawai da za a yi wa wa'azin haƙuri ba. A zango, inda mutum ba shi da dangi ko gonar da zai koma wa, aljihunsa ne kaɗai asalinsa, don haka abin da waƙar ke faɗa ya fi ciwo a can. Shekaru da dama kafin NEPU ta mayar da kalmar talaka taken siyasa a 1950, ajamin Hausa ya riga ya buɗe wannan babi a bakin Volta.

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya daga Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda shi ma ɗan hijira ne da ya kai Hijaz bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya komo a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tsara waƙarsa Tunkuyau kan annobar mura ta 1918. Sauran shekarunsa sun tafi a koyarwa. Almajiransa sun bazu a zangunan Kumasi da Akara da Tamale da Yendi, ya kuma yi hulɗa ta kusa da Malam Sallau, Bakatsinen da ya riƙe sarautar Sarkin Zangon Kumasi. Ya rasu a Kete-Karaci ranar 30 ga Yuni, 1934.

Tambayar da rayuwarsa ta tsaya a kai, wato ko ɗan zango ɗan ƙasa ne, ba ta mutu tare da shi ba. Samun 'yancin kai ma ƙara mata kaifi ya yi. A watan Agustan 1957, watanni biyar bayan kafuwar Ghana, gwamnatin Kwame Nkrumah ta tasa ƙeyar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jagororin zangon Kumasi, zuwa Nijeriya, duk da da'awarsu cewa a ƙasar aka haife su. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice, dokar da ta faɗa kan zanguna, har da iyalan da kakanninsu suka iso kafin a shata iyaka. A Janairun 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana makamancin haka, shekara huɗu kacal bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba ta 1979.

Tsohuwar Kete-Karaci, inda ya yi limanci da koyarwa kusan shekara arba'in, tana ƙarƙashin ruwa tun bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, wadda ta tashi mutane kimanin 80,000 daga matsugunansu. A cikin waɗannan shekarun ne Ivor Wilks da Thomas Hodgkin da Alhaji Usmanu Boyo suka bi gidajen malaman zango suna ɗaukar hoton rubuce-rubuce, kuma yawancin waƙoƙin Alhaji Umaru da ake nazari a yau daga wannan tarin na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon aka same su.